In Babu Yumɓun Goge Mota: Yadda Ake Cire Dattin Da Ya Manne Wa Fenti

Darasin wannan fitowar ya shafi wata matsala da duk wanda ya taɓa wanke mota ya ci karo da ita, ko da bai san sunanta ba. Za a wanke mota tas, a ɗauraye, a tsane ta, daga nesa tana ɗaukar ido. Amma kana ɗora hannu a kan bonet ko saman but sai ka ji kaushi, kamar an barbaɗa wa fentin rairayi. Ka ƙara sabulu, ka ƙara ruwa, kaushin yana nan daram. Wannan shi ne dattin da ya manne, kuma wanki kaɗai ba ya fitar da shi.

Kusan duk bidiyon da ka buɗe a YouTube kan wannan matsala, amsa ɗaya za a ba ka: ka nemi kile-ba, wato wani curi mai laushi kamar cingam da ake gogawa a jikin mota. A nan za mu riƙa kiransa yumɓun goge mota. To amma ba kowane shago ake samunsa ba, in an samu kuma da tsada, sannan bai cika jituwa da zafinmu da ƙurarmu ba. Tambayar ke nan: in babu shi, da me za a yi aikin?

Maganar ba ta masu motoci ba ce kawai. Da yawa daga cikinmu da wankin mota suke haɗa kuɗin rajista da na handawut, wasu kuma SIWES za ta kai su garejin fenti. Wanda ya ɗauki abin da bai dace ba ya dirje motar kwastoma, kuɗin fesa sabon fenti ne zai hau kansa, shi kuma kwastoman ya tafi ke nan. Don haka mu bi abin daki-daki.

Fentin mota hawa-hawa ne

Kafin a yi maganar cire datti, sai an san abin da ake cire shi daga kai. Tun daga shekarun 1980, yawancin motoci suna fitowa daga kamfani da fenti hawa huɗu. Hawa na farko shi ne wanda ake tsoma gangar jikin motar a ciki, a manna shi da ƙarfin lantarki domin hana tsatsa, kaurinsa kusan maikiron 20. Na biyu firaima ce, mai daidaita fuska. Na uku shi ne launin da ido ke gani, ja ko fari ko baƙi, kuma siriri ne ƙwarai. Na huɗu, wanda yake sama, shi ne kiliya: shimfiɗa marar launi mai sheƙi, wadda kaurinta yawanci maikiron 40 zuwa 50 ne. In ka haɗa duka, za ka samu maikiron 100 zuwa 150 a mafi yawan motoci.

Maikiron ɗaya shi ne milimita ɗaya a raba ta gida 1,000. Don ka gane sosai, takardar A4 da muke yin fotokwafi da ita tana da kaurin kusan maikiron 100. Ka ga ke nan kiliyar da ke kare launin motar gaba ɗaya rabin kaurin takarda ɗaya ce kacal. A cikinta ne sinadaran da ke tare zafin hasken rana suke, kuma ba fata ba ce balle ta warke. Duk abin da aka goge ya tafi, ya tafi har abada. Motocin nan da muke gani samansu ya yi fari-fari yana ɓarewa kamar ɓawon albasa, kiliyarsu ce ta ƙare.

Daga nan ƙa'idar darasinmu ta fito: dattin da za a iya narkar da shi, kada a goge shi. Gogewa ita ce ta ƙarshe, kuma a wurin da ya zama dole kawai.

Wane irin datti ne ke mannewa?

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka duk kaushi abu ɗaya ne. Aƙalla iri biyar ne, kuma kowanne da maganinsa.

Na ɗaya, ɓurɓushin ƙarfe. Duk lokacin da aka taka birki, faifan birki yana zaizayewa, ƙananan ƙwayoyin ƙarfe masu zafi su tashi su sauka a wili da gefen mota, su nutse cikin kiliya. Haka ma motar da aka ajiye kusa da mai walda ko mai gurza ƙarfe, ko wadda ta daɗe a tashar jirgin ruwa ko kusa da layin dogo. Da danshi ya taɓa su sai su yi tsatsa. A farar mota za ka gan su ɗigo-ɗigo, ruwan goro.

Na biyu, kwalta, musamman a ƙasan ƙofofi da bayan taya bayan an bi titin da ake gyara.

Na uku, tabon ruwa. Ruwan bohol da na rijiya sau da yawa yana ɗauke da sinadarin kalsiyam da magnesiyam. In ya bushe a jikin mota, ruwan ya tafi, su kuma su zauna a matsayin fararen zobba.

Na huɗu, abin da ke sauka daga bishiya: ƙaro, da ɗanƙon nan da ke ɗiga a ƙarƙashin mangwaro ko darbejiya, da kashin tsuntsu da na jemage.

Na biyar, feshin fenti da iska ta kwaso daga wani wuri, da fantsamar siminti daga wurin gini.

Hanyar gane cewa akwai su mai sauƙi ce. Bayan ka wanke motar ta bushe, ka sa hannunka cikin siririyar farar leda irin ta ƙulla sukari, ka shafa a hankali. Ledar tana ƙara wa yatsu ji, duk wani ƙurji da ido bai gani ba sai ka ji shi. Wannan shi ne gwajin leda, kuma za mu sake komawa kansa.

Me yumɓun yake yi, me ya sa ake neman madadinsa?

A Japan aka ƙirƙiro yumɓun goge mota, daga baya ya bazu a Amurka a shekarun 1990. Sunan ne kawai yumɓu, amma ba laka ba ce. Roba ce mai ɗanƙo da aka cuɗa da garin gogewa mai laushi sosai. Ana fesa ruwa mai santsi, a riƙa zamar da shi a kan fenti. Duk abin da ya ɗago sama da kiliya sai ya aske shi, ya riƙe shi a jikinsa. In fuskarsa ta yi datti sai a naɗe, a murza, a fito da sabuwar fuska.

Yana aiki, babu musu. Amma yana da matsaloli huɗu. Na farko, in ya faɗi ƙasa sau ɗaya, shi ke nan sai shara, domin yashin da ya kwasa ba ya fita, kuma wurin wankin motarmu yawanci ƙasa ce ko siminti mai yashi. Na biyu, dattin da ya kwasa yana nan cikinsa har ya ƙare, kana ta yawo da shi a kan fenti. Na uku, zafi yana sa shi ya yi laushi ya riƙa manne wa mota, kuma bonet ɗin baƙar mota da ke rana kan wuce digiri 70. Na huɗu, aske kan ƙwayar ƙarfe yake yi, wani lokaci gindinta yana nan a cikin kiliya yana ci gaba da tsatsa.

Madadinsa ya kasu gida biyu: masu narkarwa da masu gogewa.

Hanya ta farko: narkarwa

Maganin ɓurɓushin ƙarfe. Wannan ruwa ne da ake fesawa, kuma sinadarin da ke aiki a cikin yawancinsu shi ne tayogilaikolet, dangin wanda ake sakawa a man cire gashi. Shi ya sa yake da wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. IronX na kamfanin CarPro yana cikin waɗanda aka fi sani, Sonax ma suna da nasu. Yadda yake aiki abin sha'awa ne ga ɗan ajin kemistiri: sinadarin yana kama ƙarfen da ya yi tsatsa, su haɗu su zama wani sabon abu da ke narkewa a ruwa, mai launin shunayya. Shi ya sa bayan minti biyu ko uku za ka ga farar mota tana zubar da jan ruwa mai duhu kamar zoɓo. Wannan launin shi ne shaidar cewa akwai ƙarfe kuma yana fita. Inda babu ƙarfe, ruwan ba ya canza launi.

Yadda ake amfani da shi: mota a inuwa, jikinta da sanyi, an riga an wanke ta. A fesa, a jira minti 3 zuwa 5, a ɗauraye da ruwa mai yawa. Kada a bari ya bushe a kai, domin zai bar tabo. A lokacin hunturu ruwa na saurin bushewa, don haka a yi ƙofa ɗaya ko biyu a lokaci guda, kada a fesa wa motar duka sannan a tsaya hira. In launin ya fito da yawa, a maimaita. Fifikonsa a kan yumɓu shi ne yana bin ƙwayar ƙarfen har inda ta nutse, kuma ba a taɓa fentin da komai ba.

Maganin kwalta. Kwalta daga ɗanyen mai take, kuma a kemistiri an koya mana cewa abu yana narkewa ne a cikin danginsa. Ruwa ba danginta ba ne, shi ya sa sabulu ke shan wahala. Magungunan kwalta na kanti ko dai daga man fetur aka tace su, ko kuma daga man ɓawon lemo, wanda ake kira limonin. In babu su, kananzir yana yin aikin. A ɗiga kaɗan a tsumma mai laushi, a ɗora a kan tabon na minti ɗaya ko biyu har ya jiƙa, a share a hankali, sannan a wanke wurin da sabulun mota nan take. A kiyaye baƙar robar bamba da ta bakin gilashi, don yana iya ɓata su. A kuma sani cewa yana cire kakin da aka shafa wa motar, sai an sake shafawa.

Wani zai ce, to ai fetur ya fi sauri. Ya fi sauri, amma ya fi haɗari. Tururin fetur yana kama wuta ko a sanyin digiri 40 ƙasa da sifiri, shi kuwa kananzir sai ya kai wajen digiri 38 zuwa sama. Mai shan taba ɗaya a kusa ya isa. Ita kuwa tina, aikinta ke nan narkar da fenti, kuma motocin da aka sake wa fenti a gareji sun fi saurin lalacewa da ita. Ba ta da gurbi a wurin wankin mota.

Maganin tabon ruwa. Fararen zobban nan yawanci kalsiyam kabonet ne, dangin alli, kuma asid mai rauni yana narkar da shi. Ruwan khal fari na girki yana ɗauke da asid kusan kashi 5 cikin 100. A haɗa shi da ruwa mai tsabta rabi da rabi, a jiƙa tsumma, a ɗora a kan tabon minti ɗaya, a ɗauraye sosai. Haka ake yi wa fantsamar siminti: a jiƙa ta, a jira ta yi laushi, a maimaita har ta saki da kanta. Kada a kankare ta da farce ko reza, don akwai yashi a cikinta. In an yi khal sau biyu zoben yana nan amma yatsa ba ya jin tudu, to ruwan ya riga ya ci cikin kiliya, wannan kuma aikin folish ne.

Maganin ƙaro da kashin tsuntsu. Ɗanƙon bishiya sabo sau da yawa ruwan ɗumi da sabulu sun ishe shi. Wanda ya bushe yana narkewa da sifirit irin na kemis, a sirka shi da ruwa rabi da rabi, a dangwala a kan tabon kaɗai. Kashin tsuntsu kuwa yana da asid, kuma yakan zo da yashi da ƙwayoyin da tsuntsun ya ci. In ya kwana biyu a rana yana barin shatinsa a kiliya. Maganinsa shi ne jiƙaƙƙen tsumma a ɗora a kai na minti biyar, sannan a ɗauke shi sama, ba a ja shi gefe ba.

In aka bi waɗannan huɗun, a motoci da yawa gwajin leda zai nuna cewa mafi yawan kaushin ya tafi. Abin da ya rage, kamar feshin fenti da dattin da ya daɗe, shi ne ke buƙatar hanya ta biyu.

Hanya ta biyu: roba mai goge datti

Masu ƙera kayan gyaran mota sun ɗauki aikin yumɓu suka mayar da shi wata siririyar roba da ake mannawa a jikin abu. Iri uku ne: safar hannu da ake zurawa, tawul mai fuska ɗaya ta roba, da faifai da ake ɗaurawa a injin folish. Nanoskin yana cikin kamfanonin da suka yi suna da su. Akwai mai laushi, akwai matsakaici. Ga mai koyo, mai laushi ya isa.

Babban amfaninsu shi ne ana ɗaurayewa. In safar ta faɗi ƙasa, sai a wanke ta cikin bokiti a ci gaba da aiki. Faɗinta ya fi na yumɓu, don haka aiki ya fi sauri, kuma guda ɗaya tana yin motoci da yawa. Ga wanda ya ɗauki abin sana'a, wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Ga yadda ake yi. In sabuwa ce, a fara goga ta a gilashin mota da ruwan sabulu na 'yan mintoci, domin fuskarta ta yi laushi. A haɗa sabulun mota mai kauri a bokiti, ya yi santsi sosai, a jiƙa wurin da za a yi da safar kanta. A ɗauki wuri kaɗan, kamar faɗin buɗaɗɗen littafin rubutu sau biyu. A riƙa zamar da ita a miƙe, gaba da baya, ba a zagaye ba, kuma ba a dannawa: nauyin hannu kaɗai ya isa. Da farko za ka ji tana ƙara tana kamawa. Da ta yi shiru tana zamewa, an gama da wurin, a tsaya. A ɗauraye ta, a matsa gaba. A fara daga rufin mota a sauko, ƙasan ƙofofi su zama na ƙarshe.

Tana da nata sharuɗɗan. Kananzir da maganin kwalta suna narkar da robar, don haka sai an wanke su tas kafin a ɗora ta. Ba a shanya ta a rana, ba a ninke fuskar robar a kan kanta, don za ta manne. Kuma gaskiyar magana, ita ma gogewa ce. A baƙar mota ko shuɗiya mai duhu tana iya barin dishi-dishin da sai an bi da folish. Fenti marar sheƙi da motar da aka lulluɓe da sitika kuwa, ba a kusantar su da ita ko da yumɓu. Faifan inji kuma a bar wa wanda hannunsa ya faɗa, domin ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashinsa za ta zana bonet gaba ɗaya kafin ka ankara.

Shin folish zai iya maye gurbinsu?

Wannan tambayar tana yawan zuwa, kuma amsar ita ce a'a. Folish ba datti yake cirewa ba, kiliya yake ragewa domin ta daidaita. Kowane zagaye yana cin wasu 'yan maikiron, mai kaushi kuma ya fi ci. Masu sana'ar suna gudun cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kiliya a duk rayuwar mota. In kiliyar maikiron 40 ce, kana da kusan 10 ke nan da za ka kashe, ba a yau kaɗai ba, har motar ta tsufa. Sannan in aka yi folish a kan fenti mai ɓurɓushin ƙarfe, soson injin zai tumɓuke su ya riƙa juyawa da su. Garin gyaran gira a rasa ido. Folish yana zuwa ne bayan an cire datti, kuma in akwai buƙata kawai.

A kula da motocin hannu, 'yan Kwatano da 'yan Beljiyam. Da yawansu an taɓa yi musu folish ko an sake fesa wani ɓangare, kuma ido ba ya nuna kaurin da ya rage. Akwai 'yar na'ura ta auna kaurin fenti ga mai hali. Wanda ba shi da ita, ya gwada a ɓoyayyen wuri tukuna. In ka goga folish da farin tsumma ka ga launin motar ya fito a jikinsa, to fentin ba shi da kiliya ko ta riga ta ƙare, sai a bi shi a hankali ƙwarai.

Abubuwan da ba a kai su kusa da fenti

Wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya tsara ma'aunin taurin ma'adinai a 1812, daga 1 zuwa 10. Farcen mutum yana wajen 2.5, gilashi wajen 5.5, kwaz kuwa, wato ma'adinin da ya fi yawa a cikin yashi, yana kan 7. Kiliya ko farce yana iya yi mata zane, ina ga yashi? Ƙurar hunturu da ke sauko mana daga Nuwamba zuwa Maris, wadda kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake cikin manyan wuraren da take tasowa, tana ɗauke da wannan kwaz ɗin. Saboda haka mai kaɗe mota da busasshen tsumma kowace safiya, ya sani takardar yashi yake goga mata a hankali.

Da wannan ma'aunin za ka gane dalilin da ya sa waɗannan ba madadin yumɓu ba ne: lakar bakin rafi ko ta maginan tukwane, don cike take da yashi, koren soson wanke-wanke da soson ƙarfe, toka, da farin soson nan mai goge tabon bango, wanda shi ma gurza yake yi. Ruwan batir da ruwan wanke masai kuwa asid ne masu ƙarfi, suna cin fenti da wili da hannun mai aikin. Garin sabulun wanki ma ba na mota ba ne: yana wanke kakin da ke kare fenti, ƙwayoyinsa da ba su narke ba kuma suna zane.

Jerin aikin daga farko zuwa ƙarshe

1. A kai motar inuwa, a bari ta huce. A zagaya ta tare da mai ita, a nuna masa duk zane da tabon da ke akwai kafin a taɓa ta. Wannan yana kashe rigima tun ba ta taso ba.
2. A kwarara ruwa ya tafi da ƙura, sannan a wanke da bokiti biyu: ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye soso.
3. A cire kwalta da ƙaro, a sake wanke wuraren.
4. A fesa maganin ƙarfe, a jira, a ɗauraye.
5. A bi tabon ruwa da khal, a ɗauraye, a tsane.
6. A yi gwajin leda. Inda ya yi sumul, a ƙyale shi.
7. Inda kaushi ya rage, a bi da safar roba.
8. In akwai dishi-dishi, a yi folish mai laushi.
9. A shafa kaki ko wani abin kariya, domin yanzu fentin ba shi da komai a kansa.

Motar da aka yi wa sabon fenti, a tambayi mai fentin tukuna, don yawanci ana jira wata ɗaya zuwa uku kafin a shafa mata kaki. Ga mai aikin kuma: safar hannu ta roba, wuri mai iska, a kare ido, kada a haɗa sinadari biyu a kwalba ɗaya, kuma kada ruwan kananzir ya gangara wajen rijiya. Wannan aikin ba na kowane mako ba ne. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa, musamman bayan hunturu da bayan damina.

Gwajin da za ku iya yi da kanku

Gani ya kori ji. Ku haɗu ku huɗu ko biyar ku nemo tsohon bonet ko ƙofar mota, fara in da hali, a wurin masu kayan gwangwan, irin su Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Ku wanke shi, ku raba shi gida huɗu da salatif ɗin masu fenti. Gida na farko ku bar shi haka. Na biyu ku yi masa sinadarai kaɗai. Na uku safar roba kaɗai. Na huɗu sinadarai sannan safar roba. Bayan nan ku yi wa kowanne gwajin leda, ku kuma haska shi da tocilar waya a cikin duhu ku duba zane. Ku rubuta minti nawa kowane gida ya ci, da yadda ruwan ɗauraye safar ya yi datti a gida na uku da na huɗu. Wanda ke neman ƙaramin aikin bincike na aji, ga shi nan a sauƙaƙe. Mafi muhimmanci, hannunku zai saba a kan ƙarfen da ba mai biyo ku bashinsa.

Kammalawa

Rashin yumɓun goge mota ba ya hana aiki. Abin da ake buƙata shi ne a gane irin dattin tukuna: ƙarfe da maganinsa, kwalta da nata, tabon ruwa da nasa, sannan a goge ɗan abin da ya rage da safar roba. Mai wankin da ya san wannan zai iya yi wa kwastoma bayanin abin da yake yi da dalilinsa, kuma irinsa ne ake ba amanar mota mai tsada. A tuna dai, rabin kaurin takarda ɗaya ake aiki a kai.

Mai tambaya ko ƙarin bayani yana iya miƙawa ta ofishin ƙungiya. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya sa wa sana'o'inmu albarka.